Ma'aunin da Hajara Ta Kafe a Kai

Akwai wata mata a Kurmin Mashi mai suna Hajara. A daminar 1996 amai da gudawa ya ɗauke mata ɗanta Maliki, aka bar ta da ƙanwarsa Aishatu kaɗai.

Mijinta Dauda ma'aikacin gwamnati ne. Bayan rasuwar ya sayo injin tace ruwa aka haɗa a kicin. Mai injin ya nuna musu ma'auni iri biyu. Ɗaya a jikin bututu ake ɗaura shi, har da 'yar fitila. Ɗayan kamar biro yake, tsoma shi ake yi, in lamba ta hau to ruwan ba tatacce ba ne.

Dauda ya ce, "Mai fitilar za mu ɗauka, kowane baƙo ya gani."

Ta ce, "Baban Aisha, a bututu muke kafa baki ko a randa muke ɗiba? Na tsomawa nake so."

"A gaban mutane za ki ja da ni?"

"A gaban mutane aka fita da ɗana."

Ya yi tsaki, ya saya mata.

Ruwan injin kullum lambarsa ƙasa, amma in an tara shi a randa sai ta yi sama. Ta wanke randar, bai canza ba. Wata safiya sai ta tarar da yayar mijinta, Hansai, tana juye gugan rijiya a ciki.

"Yaya, me kike yi haka?"

"Injin naku ɗiga yake kamar ciwon ido, ruwansa kuma salam. Rijiyar nan muka sha muka girma. Ke ba ki yarda da ƙaddara ba ne?"

"Na yarda da ita, Yaya. Amma gugan nan hannu ne ya ɗauko shi."

Hajara ta tuntsurar da ruwan randar a tsakar gida. Hansai ta kai ƙara, Dauda ya ce maza ta ba Yaya haƙuri.

"Haƙuri zan ba ta, ta girme ni. Randa kuwa ɗakina za ta koma."

Ta tsoma ma'aunin a ragowar ruwan gugan ta miƙa masa. Ya daɗe yana kallon yadda lambar ta hau. Da kansa ya kama mata randar suka shigar.

Aishatu ta girma, yanzu ita ma uwa ce.

Darasi: kunyar manya tarbiyya ce, amma ba a kan abin da yaro zai haɗiya ba. Auna ruwan da ke shiga baki, ba wanda baƙo zai yaba ba. Ku tura wa iyaye mata. Ni ma na binne nawa, ku taya ni cewa amin: Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya raya mana na gabanmu.