Ƙwayar da Yaya Ta Hana Auta

'Ya'yana, maza da mata, kowa ya ajiye abin da yake yi ya saurare ni. Kun girma kun yi iyali, amma ba ku wuce a gaya muku magana ba.

Akwai wata mata mai shagon magani a bakin wani layi. Kowa Yaya yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ta daɗe a sana'ar, ta san kowace ƙwaya da launinta da kwalinta, kuma wannan sanin ne ya hau mata kai. In ka kawo mata takardar likita, sai ta ɗaga ta sama, ta taɓe baki, ta ce, "Shi wannan yaushe ya gama makarantar?"

Tana da ƙanwa tela, ana kiran ta Auta. Siririya ce tun tana yarinya. Kwatsam sai jikinta ya fara sauyawa. Fuska ta kumbura ta yi zagaye kamar faranti, ciki ya turo, bayan wuya ya yi tozo, ƙafafu kuwa suka tsotse. Ga hawan jini, ga rashin barci.

Kallo ɗaya Yaya ta yi mata ta yanke hukunci.

"Sha-ka-fashe kike sha."

"Wallahi Yaya ban taɓa sa shi a bakina ba."

"Ni za ki yi wa rantsuwa? Ni da nake korar 'yan mata daga shagona kullum a kan maganin ƙiba? Direban naki ne ya ce ya gaji da ƙashi?"

Mijin Auta direban babbar mota ne, mutum mara yawan magana. Maganar ta kai kunnensa. Ya ɗauki matarsa ya kai ta babban asibiti. Aka yi gwaje-gwaje, aka ɗauki hoton ciki, aka gano ƙari a jikin wani ɗan nama da ke zaune a saman ƙodarta ta hagu. Aikin wannan naman shi ne fitar da wani sinadari da jiki ba ya rayuwa sai da shi. Ƙarin ya sa yana ta kwararo shi fiye da kima, shi ya kumbura ta.

Da Yaya ta ji, kuna zaton ta ba da haƙuri? Gyara ɗaurin ɗankwali ta yi ta ce, "Ai dama na faɗa, akwai wani abu."

Aka yi tiyata, aka cire naman da ƙarin, aka dace. Ranar sallama likita ta ce duk wanda zai yi jinya ya shigo ofis ya ji bayani. Direba ya leƙo ya ce, "Yaya, ana kiran mu." Ta ja tsaki daga kan benci.

"Ku shiga ku. Ni me za a koya mini a kan ba da magani?"

Don haka ba ta ji abin da aka faɗa a ciki ba. Ta ga dai sun fito, Auta na riƙe da leda, tana cewa ta amince ta shiga wani bincike. Likitocin suna bin masu irin ciwonta, da waɗanda nasu ƙarin yake gindin ƙwaƙwalwa, suna rage musu magani kaɗan-kaɗan, suna auna jininsu, don su gano yadda ya fi dacewa a yaye mutum daga shi.

"Wato kin zama ɓeran gwaji," in ji Yaya.

Direba zai yi doguwar tafiya, sai Yaya ta tare a gidan don jinya. A nan kam ba a raina mata ba. Ta yi shara, ta yi wanki, ta gyara ɗakin da keken ɗinki yake. Amma da ta buɗe ledar maganin ta karanta kwalin, sai ta gane shi. 'Yar'uwar ƙwayar nan ce da take hana 'yan mata sha.

"Auta! Abin da ya kumbura ki shi suka sake ba ki?"

"Yaya, likita ta ce in na fasa shi ko na—"

"Likita ta ce! Sun cire ciwo, sun ga za ki warke ki bar musu bincikensu, shi ne suka ɗaure ki da wannan."

"Don Allah ki bar ni in sha abina."

Yaya dai ba ta yarda ba. Washegari ta je shago ta zaɓo wani bitamin fari, ƙarami, mai kama da ƙwayar sak. Tunda ita ke miƙa magani da kofin ruwa, Auta ba ta ga bambanci ba. Na asibitin kuwa Yaya ta jefa shi can ƙasan jakarta. A ranta tana cewa, wata rana yarinyar nan za ta gode mini.

Ba a jima ba Auta ta fara kasala. Abinci ya fita ranta. In ta miƙe sai jiri ya kwashe ta. Sai amai da ciwon ciki.

"Yaya, a kira likita. Ta ce in na fara amai kada a jira."

"Gubar ce ke fita. Daure."

Ranar da Direba ya dawo, da hantsi, ya tarar da matarsa a ƙasa kusa da keken ɗinki, jiki ya yi sanyi, ido ya kafe. Yaya na tsugune tana yayyafa mata ruwa. Ya ture ta gefe, ya sungumi matarsa sai asibiti.

Aka yi mata allura, aka ɗaura ƙarin ruwa, nas-nas na ta kai da kawo. Can likita ta fito, fuskarta ba walwala.

"Wa ke ba ta magani?"

Yaya ta miƙe. "Ni ce."

"Tana sha a kan lokaci? Ki gaya mini gaskiya. In tana sha kuma ta faɗi haka, to awon maganin da muke ba mutane ne bai isa ba, dole mu dakatar da komai mu kira sauran marasa lafiya yau ɗin nan."

Ko a nan girman kan bai sake ta ba. Ta zaro kwalin daga jaka ta dangwarar a kan benci.

"Ga abinku. Ni na hana ta. Na san ƙwayar nan tun kafin ki shiga makaranta. Maganin ƙiba ne, yana kashe mutane."

Likita ta dube ta sama da ƙasa.

"Yana kashe wanda jikinsa ke yin nasa ya ƙara da wannan. Ƙanwarki jikinta ba ya yi. Naman da ya rage a saman ɗaya ƙodar ya daɗe yana barci, don naman mai ƙarin ya ƙwace aikin. Kafin ya farka, ƙwayar nan ce ke riƙe mata jini da numfashi. Na faɗi wannan a ofis, da bakina. Kina ina?"



"A kan benci take," in ji Direba. Ya juyo gare ta, kuma a karon farko bai ce mata Yaya ba. "Ke, mai kemis. Kin ce matata na shan maganin ƙiba, na yi shiru. Kin ce mata ɓera, na yi shiru. Yau kin kusa sa ni haƙa kabari. Ƙafarki kada ta sake taka gidana."

"Ƙanwata ce! Ni na goye ta!"

"Kin goye ta, ni kuma na ɗauko ta daga ƙasa."

Auta ta rayu. Da ta farfaɗo, Yaya ta lallaɓa ta shiga ɗakin, ta tsaya a bakin gado tana murza gefen mayafi.

"Auta, wallahi don ke na yi."

Auta ta amsa tana kallon silin, murya can ƙasa.

"Na roƙe ki ki kira likita, Yaya. Ina amai ina roƙon ki. Kika ce in daure."

Ta juya fuska ga bango. Nas ta shigo da magani, Yaya ta miƙa hannu za ta karɓa kamar yadda ta saba. Auta ta ce wa nas ɗin, "A'a. Ki ba ni a hannuna."

Yau Auta ta koma kan kekenta, fuskar ta saɓe, ana ta rage mata ƙwayar a hankali. Yaya na nan a shagonta, ta rame, ta aika manya ban haƙuri har ta gaji. Direba ya ce a'a. Auta ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Darasi: Sanin sunan magani daban, sanin jikin mai shan sa daban. In likita ya kira ku bayani, ku shiga ku zauna, ko kun fi shi furfura. Kada ku taɓa dakatar wa mara lafiya magani da ra'ayinku. In kuna da shakka, ku koma wurin wanda ya rubuta ku tambaya. Ku tura labarin nan ga duk mai jinya a gidansa, musamman mai ganin ya san komai.

Saura ku, 'ya'yana. Ni na ce Direba ya yi daidai, maƙwabciyata ta ce zumunci ba ya yankewa a kan kuskure, har mun kusa ɓatawa. Ku zauna ku raba mana gardamar nan: a buɗe wa Yaya ƙofa, ko a bar ta a waje?