Manomin da Ya Raba Garinsu da Taki

Akwai wani manomi a wani gari na bakin kogi. Wata shekara kogin ya cika ya ci garin, gidaje da gonaki, sai mutanen suka kwashe abin da ya rage suka hau tudu, suka sari sabon wuri. Don kada a yi faɗa wajen rabon gonaki, dattawa suka ce a jefa ƙuri'a. Kowane maigida ya yanki kara ya yi masa alama, aka zuba a ƙwarya. Mai gari yana zarowa ba tare da ya duba ba, ana nuna wa kowa inda zai noma. Karan manomin nan ya faɗa a kan wani fili a gabas da gari.

To, al'adar mutanen ita ce, in an gama kaka kowa ya gayyaci makiyaya su sauka a gonarsa, shanunsu su kwana a kai har su bar taki, shi kuma ya sallame su da hatsi. Da rani kuma a yi ta ɗibar takin gida a kan jaki ana kaiwa gona. Amma manomin nan ruwa ya tafi da jakinsa da rumbunsa, ba shi da abin ba makiyaya. Ya shuka dawarsa haka nan babu taki. Saboda tsoro ya shuka ta kusa da kusa, yana cewa ko rabi ya mutu, rabi zai tsira.

Babu ko ɗaya da ya mutu. Dawa ta tashi ta fi mahayin doki tsawo, zangarniya kamar damtsen mutum. Ya cika rumbu biyu, ya gina na uku. Shekara ta biyu haka, ta uku ma haka.

Mutumin nan kuwa ba rago ba ne. Shi ne na fari a gona, shi ne na ƙarshen tashi. Saboda haka da ya zauna ya tambayi kansa dalilin wannan albarka, sai ya duba hannuwansa masu kanta ya ce, "Ga dalilin nan." Aka naɗa shi Sarkin Noma, aka tara gari domin ya koya musu.

Ya miƙe ya ce, "Taki kwaɗayi yake koya wa ƙasa. Ni na taɓa ba Bafulatani ko mudu guda? Ku riƙe hatsinku. Ku shuka kusa da kusa, ku yi sammako, ku ga aiki."

Wata gwauruwa mai suna Larai, wadda take noman 'yar gonarta tana ciyar da jikoki huɗu, ta ce, "Sarkin Noma, tawa fa jigawa ce. In ban ba ta ba, ba ta ba ni."

Ya yi dariya. "Gwaggo, jigawar tana cikin gwiwarki. Ƙasa duk ɗaya ce."

Jama'a suka fashe da dariya. Wa zai yi gardama da mai rumbu uku? Da makiyaya suka zo bayan kaka, babu wanda ya ce musu ku sauka, sai suka kaɗa shanunsu suka wuce. Masu jakuna suka sayar.

Shekarar farko amfani ya ragu. Sarkin Noma ya ce lalaci ne, a ƙara sammako. Aka ƙara. Shekara ta biyu ruwa ya sauka yadda ake so, ba fari, ba tsutsa, amma dawar gari ta tsaya iya gwiwa, ta yi rawaya, ciyawar wuta-wuta ta rufe kunyoyi. Gonarsa kaɗai ce kore. Kafin a shiga rani gidaje bakwai sun rufe ƙofa sun tafi neman abinci.

A wannan ranin ne ya ce zai haƙa rijiya a gonarsa ya yi lambu. Ya sara kamu ɗaya, ƙasa baƙa wulik. Ya kai gwiwa, baƙa. Ya kai ƙugu, sai toka, da fasassun tukwane, da ƙasusuwa, da dutsen niƙa wanda ya lotsa don tsufa. Ya tsaya a cikin ramin, diga a hannu, bai san abin da yake gani ba.

Wani tsohon makiyayi da ke wucewa ya leƙo ya ce, "Sannu da aiki, mai gona. Jujin mutanen dauri kake tonawa?"

"Wane juji, Baffa?"

"Ashe ba ka sani ba? Nan kufai ne. Gari guda ya zauna a nan ya tashi, nan suke zubar da shara da toka. Bayansu kakana ya yi shekaru yana sauka a nan da shanu, mahaifina ma haka. Ai wurin nan ko sandata na kafa, sai ta yi ganye."

Gaban manomin ya faɗi. Ya fito daga ramin, ya nufi gonar Larai da digarsa. Ya sara sau ɗaya, ya sara sau biyu. Farin yashi ya zubo ta tsakanin yatsunsa kamar gishiri. Ya matsa gaba ya sake sarawa. Yashi. Ya shiga gonar maƙwabcinta. Yashi.

Larai ta same shi a durƙushe. Ta ce, "Me ka jefar a gonata, Sarkin Noma?"

Ya ce, "Gwaggo, ashe taki nake nomawa! Takin shekara ɗari nake ci, ina hana ku na shekara ɗaya!"

Ta dube shi ta ce, "Na gaya maka jigawa ce, ka ce gwiwata." Ta ƙara da cewa, "Irin da na ajiye na shuka, shekaranjiya na daka wa yaran nan."

Ya ɗora hannu a ka. A ranar ya sa aka tara gari, ya kai su bakin ramin, ya kai su gonar Larai, ya faɗi kome da bakinsa. Ya buɗe rumbunansa uku aka raba, na ci daban, na shuka daban. Washegari ya ɗauki hatsi a kansa ya bi sawun makiyaya, yana roƙonsu su dawo. Sun dawo. Amma sai da ƙasar ta yi shekara huɗu kafin ta farfaɗo, a cikin gidaje bakwai ɗin nan kuma biyu ne kawai suka komo.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ga ta. Gonar ita ce inda kowannenmu ya tsinci kansa ba da zaɓinsa ba: gidan da aka haife shi, lafiyar jikinsa, makarantar da ta kasance kusa da ƙofarsu, hanyar mota da ta bi ta gaban shagonsa ba ta bi ta gaban na wani ba. Mutane suna kiran wannan sa'a. Mu mun san kyauta ce daga hannun Ubangiji, wadda sau da yawa takan zo ta wahalar waɗanda suka riga mu, waɗanda ko sunansu ba mu sani ba.

Ku lura, manomin nan bai yi ƙarya ba da ya ce ya yi aiki. Ya yi. Larai ma ta yi. Zunubinsa shi ne ya ga guminsa bai ga abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ba, ya ɗauki rabonsa ya mai da shi doka a kan waɗanda aka ba yashi, da suka kasa kuma ya kira su ragwaye. Haka gari yake lalacewa, haka ƙasa ma: in masu albarka suka manta inda albarkarsu ta fito, sai su rushe abin da yake riƙe da marasa ƙarfi, suna tsammani gyara suke yi.

Saboda haka in Ubangiji ya cika maka rumbu, ka gode, ka ci gaba da sammakonka. Amma kafin ka buɗe baki ka ce wa ɗan'uwanka, "Yi yadda na yi," ka fara zuwa gonarsa ka tona ƙasarsa ka gani. Manomin nan ya tona daga baya, Allah kuwa ya karɓi tubansa. Gidaje biyar dai har yau ƙofofinsu a rufe suke.