Ina Zuwa, Baba

Wato tambayarki, Liyatu, ko za a iya koya wa inji sanin nagarta da mugunta? Ni dai bokona bai yi nisa ba, 'yata. Amma matso kusa, ku ma yara ku matso.

Akwai wani mutum da ke da tsohon uba, ƙafafu sun daina ɗaukarsa. Sai ya sayo mutum-mutumi, irin mai tafiya da magana, domin ya riƙa kula da tsohon. Masu ƙera shi suka ce, "Mun sa masa hankalin auna abin da ya dace. Amma a wurin mutumin kirkin gidan zai ɗauki ma'auni."

Mutumin ya ji daɗi. Ya zaunar da injin, ya karanta masa doka: ka girmama iyaye, kada ka yi ƙarya.

Ran nan dattawan ikilisiya suka zo gaisuwa. Ana zaune a tsakar gida, sai tsohon ya yi kira daga ɗaki, "A ba ni ruwa."

Injin ya ce, "Ina zuwa, Baba." Bai motsa ba.

Tsohon ya sake kira, murya ta dushe. Injin ya sake cewa, "Ina zuwa, Baba." Yana nan tsaye.

Mutumin ya daka masa tsawa, "Kai! Haka na koya maka?"

Injin ya amsa da ladabi, "Maigida, kai ne mutumin kirkin gidan nan. Na lura in Baba ya kira, kakan ce kana zuwa, sai ka ci gaba da zamanka. Na ɗauka haka ake girmama iyaye."

Dattawa suka sunkuyar da kai. Mutumin ya tashi ya ɗebo ruwan da kansa.

Ma'anar wannan misali ita ce, ko an zuba wa inji dokoki duka, abin da ya ga muna yi shi zai kira nagarta. Haka 'ya'yanmu ma. Ubangiji kansa yakan kira, mu ce muna zuwa.

Ba wani nake nuna wa yatsa ba. Innata ta yi shekara biyu kwance a ɗakina kafin ta rasu. Ta sha kirana ina bakin ƙofa ina hira, in ce mata ina zuwa. Har yau in na tuna, ba na iya ɗaga ido.

To, ga tsohuwa Mama Saraya can tun ɗazu tana ɗago mini hannu, in zo in kama ta ta sauka daga matakala. Mama, ina z... A'a. Ku yi haƙuri, 'ya'yana, na tashi.