Ezra Pilling da Daron Ruwansa

Ka taɓa ganin mutumin da ya riƙe gaskiya a hannu, amma zargi ya sa ya zubar da ita? Ni da na gama karatun sinadarai a bana, kaina cike da dabaru, ban san akwai irinsa ba sai da tsohon malamina, Obadiah Clegg, ya zaunar da ni ya ba ni labarin abokinsa Ezra Pilling.

Ezra ɗan masaƙi ne a nan Manchester, kuma Allah ya ba shi kai. Tun ana yi wa maganar dariya yake cewa duk abin da ke duniya ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kowane iri da nauyinsa, kuma a ƙirge suke haɗuwa. Har ƙwallaye ya sassaƙa da itace don nuna hakan. Aibinsa ɗaya: bai yarda da kowa ba. Ko ƙanwarsa Tabitha ta kawo masa shayi, sai ya rufe kwalabensa da tsumma.

"Yaya, ni da ko suna ba na iya rubutawa, me zan sata?" in ji ta.

"Ai ido gare ki, baki kuma gare ki," ya ce.

A lokacin yana gwaji da iskar da gawayi ke fitarwa in ya ƙone. Yakan tara ta cikin kwalbar da aka kifa a daron ruwa, ya auna. Lissafinsa kullum yana fita daidai, don haka ya nemi ya nuna wa ƙungiyar masanan garin. In suka gamsu, za su ba shi kujerar koyarwa, su buga ra'ayinsa da sunansa.

Clegg ya tare shi a hanya ya ce, "Ezra, wai a ruwa kake tara iskar nan? Ruwa fa yana shanye ta. Zo in ara maka zaibata, ruwan ƙarfen nan mai ƙyalli, ita ba ta sha. In ka so in zo mu gwada tare."

Ezra ya kalle shi sama da ƙasa. "Oho! Zaiba ce za ta buɗe maka ƙofata ke nan? Riƙe kayanka, Obadiah. Darona bai taɓa yi mini ƙarya ba."

"Kai dai da ɗan banzan taurin kai! Ko inuwarka sai ka tuhume ta."

Abin da Ezra bai sani ba shi ne, ruwan daronsa ya daɗe ba a canza ba, kullum a rufe saboda tsoron masu leƙe. Ya sha iskar har ya ƙoshi, shi ya sa ba ya ƙara sha. Ita kuwa ƙungiya tana da al'ada: duk mai gwaji a gabanta, da kayanta zai yi, da sabon ruwa daga famfon tsakar gida.

Ranar taro zauren ya cika. Ezra ya tara iskarsa, ya kifa kwalba. Ana kallo sabon ruwan nan ya soma hawa cikin kwalbar, iskar tana raguwa. Lissafi ya watse.

Wani daga baya ya ce, "Malam Pilling, ƙwayoyin naka sun tafi shan shayi ne?" Aka fashe da dariya.

Ezra ya juya yana huci, ya nuna Clegg da yatsa. "Kai ne! Kai ka fasa kwalbar nan don ka kunyata ni!"

Aka duba kwalba, lafiyarta ƙalau. Shugaban taro ya ce Ezra ya nemi gafarar Clegg, ya ƙi, ya kwashi ƙwallayensa ya fita. Kujera ta tafi ga wani.

Duk da haka Clegg bai yi fushi ba. Ya koma gida ya maimaita gwajin da zaiba, sai ga lissafin Ezra ya fito cif. Ya ruga gidansa cikin ruwan sama yana buga ƙofa. "Ezra, buɗe! Gaskiyarka ce! Zo mu koma mu nuna musu!"

Daga ciki Ezra ya ce, "Wani sabon tarkon ke nan? Tafi ka yi wa wani."

Tabitha ta leƙo ta taga, idonta jawur. "Ka yi haƙuri, Malam Clegg. Ƙwallayen ma suna cikin murhu."

Ezra ya ƙare rayuwarsa yana haɗa rini a masaƙa, yana cewa an cuce shi. Malamina ya ce har Ezra ya mutu, ba wanda ya saci komai nasa.

Darasin a fili yake. Ilimin da aka hana idon wani ya gani, kuskurensa yake ɓoyewa, kuma mai zargin kowa yakan kori wanda ya zo cetonsa. Don haka ina roƙonka, duk aikin da kake rufewa da tsumma, ka ɗauke shi yau ka kai wa wanda ya san abin, ka ce masa, "Duba mini, ina na kuskure?"