Tunau Maharbi da Saiwar Sanyin-rai

A zamanin da dajin yamma da Zamfara bai san gatari ba, lokacin da giwaye ke kiwo a inda yau ake noman gero, an yi wani maharbi ana ce da shi Tunau. Shi kaɗai yake zaune a gindin wani dutse kusa da gulbi, ba mata, ba maƙwabci. Maharba sukan yi masa kirari su ce: Tunau na bakin gulbi, mai jin takun damisa a bisa ganye. Ba ƙarfi ne ya raya shi a dawa ba, tsoro ne. Kafin mugun nama ya motsa, tsikar jikinsa ta riga ta tashi ta faɗa masa.

Wata shekara da kaka, sai ga mutane sun ɓullo daga gabas, ƙafafunsu duk sun farfashe. Mahara ne suka ci garinsu da wuta, suka kashe na kashewa, suka kora sauran a igiya. Waɗannan su ne ragowar da suka tsira. Wata tsohuwa mai suna Tasalla ce ta jawo su, domin duk cikinsu ita kaɗai ta rage da ake jin maganarta. A bayanta akwai wani maƙeri, Cindo, ƙato mai faɗin ƙirji, wanda aka kama 'ya'yansa a gabansa yana ɓoye cikin rumbu.

Tunau ya ba su wuri, ya harbo musu nama, ya nuna musu inda ruwa yake da kyau. Ya ɗauka da an ƙoshi za a warke. Ba haka aka yi ba. Mutanen nan ba wanda ke da wani babban rauni a jiki, amma in ice ya karye a daji, sai ka ga manyan maza sun kwanta rub da ciki. Ba sa barci, abinci ba ya shiga. Nonon masu goyo ya ƙafe. Cindo ya ɗauki masaba zai gyara wa Tunau kibiya, hannunsa ya hau rawa har masabar ta faɗi. Daga nan aka fara mutuwa. Wani ya kwanta ya juya fuska ga bango bai ƙara tashi ba. Wata ta ajiye tulunta a bakin gulbi ta shiga ruwa, ba ta waiwayo ba.

Tunau ya jiƙa musu sabara, ya dafa musu sassaƙen marke da na hano, duk abin da ya sani na ciwon ciki da zazzaɓi. Ba su yi amfani ba, domin cutar ba ta jiki ba ce. Ranar da ya haƙa kabari ga wani jariri, ya zauna a kan tudun ƙasar ya tuna wani abu da ya taɓa gani. Wani gwanki ne ya kuɓuta daga farcen zaki, ya zo fadama jikinsa na ɓari kamar zai faɗi. Ya tone gindin wata ciyawa mai jan kara da kofato, ya tauna saiwarta. Jim kaɗan ɓarin ya tsaya, ya sa kai yana kiwo.

Ya je fadamar ya tono saiwar, ya daka ta ɗanya, ya jiƙa a ƙwarya. Ya kawo gaban Tasalla ya durƙusa.

"Inna, na ga dabba ta ci wannan ta samu lafiya. Amma ban taɓa ganin mutum ya sha ba."

"To ni zan fara, ɗana. In ta yi, ka ba yaran nan. In ba ta yi ba, ba a yi asarar mai noma ba."

Ta shanye. Kafin inuwa ta juya ta fara hamma, ta miƙe a tabarma, fuskarta ta saki kamar ta yarinya. Mata suka taru suna kallon barcin nan da sha'awa. Rana ta faɗi, ta sake fitowa, Tasalla ba ta farka ba. Da Tunau ya taɓa ƙafarta, ta yi sanyi.

Ya zaci za su jefe shi. Abin da ya same shi ya fi haka muni. Bayan an rufe ta, sai Cindo ya zo ya tsaya a ƙofar bukkarsa, da waɗansu a bayansa.

"Maharbi, ba ni irin wadda ka ba Inna."

"Kashe ta ta yi, Cindo."

"Na sani. Na ga fuskarta."

Tunau ya dubi mutanen nan, ya ga duk abin da suka zo nema ke nan. Ya ce ba wanda zai ƙara sha sai ya san ma'auninta, kuma a jikinsa zai nemo shi.

Haka ya shiga gwaji. Ya sha kaɗan ɗanya, ya yi amai har da jini. Ya ɓare ɓawon ya sha, ƙafafunsa suka mutu yini guda. Ya shanya ta a rana, ta zama ba ta da amfani. Ya shanya a inuwa, ya tafasa, ya zubar da ruwan fari, ya sake tafasawa da tsamiya. Kowane gwaji sai ya sha, ya jingina da dutse, ya saurari zuciyarsa. Ana ta mutuwa a zangon, shi kuwa yana ta sha, har sanyi ya wuce, bazara ta kawo kai. A ƙarshe ya gane cewa garin busasshiyar saiwar, abin da bai wuce cikin ɓawon gujiya ba, shi ke kwantar da rai ba tare da ya ɗauke shi ba.

Tunau ya fara ba Cindo. Ya zauna kusa da shi, hannunsa a kan ƙirjin maƙerin, yana jin numfashinsa. Cindo ya yi barci mai nauyi. Da ya farka sai ya fashe da kuka, yana kiran sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, abin da bai yi ba tun ranar da aka kama su. Da ya gama ya ce a ba shi fura. Maganin bai cire masa baƙin ciki ba, ya dai ba shi ƙarfin ɗaukarsa.

Kafin ruwan farko, an ji ƙarar maƙera a gindin dutse. Aka ƙera fartanya, aka sare daji, aka yi shuka. Mata suka sa wa saiwar suna sanyin-rai.

Shi Tunau ya san abin da ya biya. Wata rana gamsheƙa ta bi ta kan ƙafarsa, ya tsaya yana kallonta, zuciyarsa ba ta ko motsa ba. Yawan shan da ya yi ya kashe masa tsoro ƙurmus. Ya faɗa wa Cindo, Cindo ya ce ya rataye baka, za su ciyar da shi har ya mutu. Ya rataye.

Da damina ta yi tsakiya, wani tsohon ɓauna da garke ya kora ya tare a fadamar da saiwar ke tsiro. Ya soke wata mata da ta je tono, ya tattake ta. Garin maganin da ke gida ya kusa ƙarewa, kuma duk zangon ba mai iya jan baka sai mutum ɗaya. Tunau ya sauke kwarinsa, ya shafa wa kibau dafi.

Ya iske ɓaunan a cikin ciyawa. Ya ɗana, ya saki, kibiya ta shige gindin wuya. Ɓauna ya sunkuyar da kai ya taso. Tunau yana ganinsa sarai, ya kuma san nan ne ake tsalle gefe, amma jikinsa bai ga abin gaggawa ba. Ƙaho ya shige masa ƙarƙashin haƙarƙari. Ɓaunan ya wuce ɗan nesa, dafi ya kayar da shi.

Cindo ya sami Tunau da sauran numfashi.

"Kada ku ba mai shiga daji," in ji Tunau. "Kada ku ba kowa ɗanya. Kuma wanda ya sha, a zauna da shi har ya farka."

A nan bakin fadama aka rufe shi. Zangon ya zama gari, ana ce da shi Tungar Tunau, kuma har yau zuriyar Cindo ce ke riƙe da maganin. Maharbi ba ya sha, ko da ya rasa ɗa. Wanda duk ya zo ƙofar gidan maƙera da ran da ya ƙi kwanciya, ba a fara tambayarsa abin da ya same shi. Tambayar fari ita ce wa zai zauna da shi. In ya ce ba shi da kowa, sai wani daga cikin gidan ya naɗe tabarma ya bi shi.