Hannun da Nomau Ya Ɗaura

An ce wai an yi wani alƙali a Tudun Aduwa, ana kiransa Malam Ɗalhatu. Mutum ne mai jinkirin magana, har masu gaggawa kan ce hawainiya ta fi shari'arsa sauri. A zamaninsa aka kawo wata ƙara wadda babu gona a cikinta, babu gado, babu aure. Shafi ɗaya ne na littafin da ba a ma buga ba tukuna.

Ga asalin maganar. Shekara ashirin da shida kafin nan, garin yana da ɗan dambe, Nomau Ƙanƙara, mahauci ɗan mahauta. Damansa ita ce abin faɗi: in aka ji ya ɗaura ta, masu kalangu kan sauya kiɗa tun bai shigo fage ba. Ya yi kaka goma sha ɗaya ba a kai shi ƙasa ba. A ta goma sha biyu wani baƙo mai suna Barmo ya kashe shi a turmi na uku, wato zagaye na uku na karawar. Kisa a bakin 'yan dambe kuwa shi ne ka sa abokin karawarka ya taɓa ƙasa. Nomau ya tashi, ya kakkaɓe jiki, ya tafi gida ya rufe ƙofa. Bai koma mahauta ba, bai sake leƙa fage ba. Bayan wata huɗu aka ji ya rasu. Wanda ya yi masa wanka kuwa Barmo ne, shi kaɗai, domin haka mamacin ya yi wasiyya.

Gari ba ya son ramin da babu komai a ciki, sai ya cika shi. Aka ce ai ran nan a buge Nomau ya shiga fage. Aka ce Barmo ne ya sa aka ɗura masa burkutu. Aka ce giyar ce ta bi shi har kushewa. Wanda ya nuna shakka sai a ce masa, "Ruwa ba ya tsami banza." Na daɗe ina jin wannan karin maganar, kuma na daɗe ba ta gamsar da ni ba. Gaskiya ne ruwa ba ya tsami banza, amma sau da yawa wani ne ya wuce ya jefa tsamiya a randa, ya yi gaba abinsa.

Barmo bai koma garinsu ba. Ya kafa ɗaki a bayan gari, daura da maƙabarta, yana tufkar igiya yana kaiwa kasuwa. Ana sayen igiyarsa don tana da ƙwari, amma ba a zama a tabarmarsa. Nomau kuma ya bar 'ya ɗaya, Hajo, tana shekara huɗu. Ta girma da sunan 'yar mashayi, ta yi aure da shi, ta fito da shi, tana sayar da daddawa a ƙofar gidan da ubanta ya rufe.

Sai ga Malam Haliru, malamin makaranta, ya ɗauki aniyar rubuta tarihin 'yan damben ƙasar kafin a manta da su. Ba mugun mutum ba ne, kuma yana da ƙa'ida: ba ya rubuta magana sai ya ji ta daga bakin mutum uku. A kan Nomau kuwa mutum goma sha ɗaya ya samu, kowa ya ce a kan idonsa aka yi. Ya rubuta babin, ya karanta wa abokan hirarsa, hira ta fita, ta iske Hajo a bakin tirenta. Washegari ta yafa mayafi ta nufi gaban alƙali.

Ta durƙusa ta ce, "Allah ya gafarta Malam, maganar baki na saba da ita, iska ce, takan zo ta wuce. Amma in ta shiga takarda, jikokina za su karanta ta a makaranta. Ni ban san abin da ya kashe ubana ba. Na dai san ban taɓa jin warin komai a rigarsa ba sai na kitse."

Malam Haliru ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ma kuka na yi da na rubuta. Amma tarihi ba kirari ba ne. In na ɓoye abin da mutum goma sha ɗaya suka gani, na zama maroƙi, ba marubuci ba."

Alƙali ya ga kowannensu da gaskiyarsa. In ya hana rubutun, ya koya wa gari binne gaskiya saboda kunya. In ya bari, ya sa hannu a tonon asirin wanda ba zai iya tashi ya kare kansa ba. Ya ce a ba shi duk abin da marubucin ya tara. Cikin takardun akwai wani tsohon hoto na ranar karawar, wanda aka samo a akwatin mai hoton garin, an rubuta kwanan wata a bayansa. Malam Haliru ya tanade shi ne don bangon littafi. Alƙali ya ɗaga shi wajen haske, ya daɗe yana dubawa, har ya bi rubutun jikin wata mota da ta fito a bayan 'yan kallo, don ya tabbata ba a juye aka wanke hoton ba. Sa'an nan ya kifa shi, ya ɗora carbinsa a kai, ya ce a kira shaidu, amma a riƙa shigo da su ɗaya bayan ɗaya.

Na fari Alhaji Tambai ne, dillalin fata. Ya zauna ya baza babbar riga.

"Alhaji, ka ga karawar?"

"Ni kuwa na gan ta! Ƙurar faɗuwarsa ma a kan takalmina ta sauka."

"Madalla. Wane hannu ya ɗaura?"

Alhaji ya yi dariya. "Allah ya gafarta Malam, ai ko jaririn goye ya san daman Nomau."

Aka shigo da wanzamin gari, ya ce dama. Aka shigo da wani direba, ya ce dama, har ya tashi ya gwada yadda ta kuskure kunnen Barmo. Haka su goma sha ɗaya, babu wanda ya yi ko jim kafin ya amsa.

Sai alƙali ya aika a zo da Barmo. Ya shigo a hankali, tsoho dogo, kafaɗunsa sun ranƙwafa, zaren rama a gemunsa. Mutane suka janye rigunansu. Wani daga baya ya ce, "Ga mai tulun burkutun ya iso." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Kafin a tambaye shi komai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, in a kan abin da na gani wajen wanka ne, a mai da ni inda aka ɗauko ni."

Alƙali ya ce, "Ban tambaye ka abin da ka gani a ɗaki ba. Abin da ka gani a fage nake tambaya. Wane hannu ya ɗaura?"

Barmo ya ɗago kai. Shekara ashirin da shida ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. Ya ce, "Hagu."

Wuri ya kaure. Alhaji Tambai ya ce, "Kai, tsoho, ji tsoron Allah! Yaushe Nomau ya zama bahago?"

Alƙali ya ɗauke carbinsa, ya juya hoton, ya ce a zagaya da shi. Ga Nomau a tsaye, hagunsa a ɗaure tam, damansa kuwa a saki, ko ɗaga ta don kariya bai yi ba.

Daga nan aka shiga warware shaidu kamar tsohuwar igiya. Alhaji ya tuna ran nan ya kai fata Kano, ƙanensa ne ya ba shi labari. Wanzami ya ce gaskiya yana nan, sai dai a bayan taro yake, kuma shi gajere ne. Direba da aka lissafa shekarunsa, sai aka ga lokacin bai fi shekara biyar ba. Wanzami ya ce masa, "Ashe a bayan uwarka ka ga dama ta kuskure kunne!" Aka bi maganar baki zuwa baki, sai duk ta koma wurin wani mai shayi da ya rasu tuntuni, wanda shi ma bai bar teburinsa ba ran nan. Ya dai ga Nomau ya wuce yana layi, ya faɗi abin da ya zo masa.

Alƙali ya dubi marubuci ya ce, "Malam, mutum goma sha ɗaya da suka sha a rijiya ɗaya, rijiya ɗaya ce, ba goma sha ɗaya ba. Ka ƙirga bakuna, ba ka ƙirga idanu ba."

Malam Haliru ya sunkuyar da kai. Amma mai neman sani ba ya sauka da wuri. Ya ce, "Na karɓi kuskurena. To ga wanda ya sani nan zaune. A umarce shi ya faɗi abin da ya sami hannun, in rubuta gaskiya a gurbin ƙarya. Shi ma ai sunansa zai wanku."

Hajo ta juya ga tsohon. Ba ta taɓa yi masa magana ba sai ran nan. Ta ce, "Baba, ka faɗa. Ni 'yarsa ce. In kowa bai cancanci ya ji ba, ni fa?"

Wannan ta fi ta farko nauyi, domin yanzu mai ƙara da wanda aka yi ƙara bakinsu ya zama ɗaya. Barmo ya shiga murza gefen rigarsa kamar yana tufka. Ya ce, "'Yata, ubanki ya aika aka kira ni saura kwana uku ya rasu. Ya ce, 'Barmo, kai ka gane tun a turmin farko, ba ka faɗa ba. Kai za ka wanke ni.' Ban ce masa komai ba sai to. Da na so in wanke kaina da sirrinsa, da na yi tun ina da haƙora. Yanzu da ya rage mini taku kaɗan in same shi, me zan ce masa?"

Alƙali ya gyara zama. Sa'an nan ya ce, "Ku saurara. Abin da mutum ya fito da shi fage, ya nuna wa dubban idanu, ya zama na jama'a, kuma marubuci yana da haƙƙin rubuta shi, ko da daɗi ko babu daɗi. Abin da ya ja riga ya rufe, har ya zaɓi wanda zai gani bayan ransa, wannan nasa ne. Mutuwa takan raba mutum da gonarsa da gidansa, a raba wa magada, amma ba ta raba shi da suturarsa. Mai wankan gawa amana aka ba shi, ba labari ba. Ni ba zan sa a kwance likkafanin da aka ɗaure shekara ashirin da shida don a cika shafi ba. 'Yata, ke ma ba a bar miki wannan a gado ba. Ki yi haƙuri."

Ya juya ga Malam Haliru. "Ɗauki alƙalami. Rubuta: Nomau, wanda bai taɓa ɗaura hagu ba, ran nan hagu ya ɗaura. Ya tsaya da ita turmi biyu a gaban Barmo, ya faɗi a na uku. Ya rasu bayan wata huɗu. Ka faɗi daga inda ka samo kowace jimla. Dalili kuwa, ka rubuta: ba mu sani ba."

Malam Haliru ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wa zai karanta littafin da ke cewa ba mu sani ba?"

"Wanda ya gaji da masu cewa sun sani. Mai hankali zai tambayi kansa ko wanda ke buge yana iya tsayawa turmi biyu da hannun da bai saba da shi ba. Wanda ba shi da hankali kuwa, ko ka tsiraita masa mamacin ba zai ƙoshi ba."

Barmo ya ɗaga yatsa. "A ƙara ɗaya, in an yarda." Ya nuna wani tsohon tabo a girarsa ta dama. "A rubuta cewa da hagun ya yi mini wannan."

Aka rubuta.

Da zan faɗa muku gari ya tuba, da na yi muku irin ta mai shayi. Littafi ya fito, babin Nomau shi ne mafi gajarta a cikinsa, masu karatu suka ce ba shi da gishiri. A majalisu aka ci gaba da zancen burkutu, domin ya fi daɗin faɗi. Abin da ya sauya ɗaya ne: duk yamma akan ga Hajo ta bi hanyar maƙabarta da kwanon tuwo. Takan zauna a gefen tabarmar da ba a zama, shi yana tufka, ita tana kallon hanya. Ba ta sake tambayarsa ba. Kaka biyu bayan haka ya rasu da abin da ya gani, aka binne shi ba nisa da abokin karawarsa.

Shi ya sa, in mutum ya ce mini kowa ya sani, nakan tambaye shi a ina yake tsaye. Mai rubuta tarihin mamaci ya riƙe abu biyu: kada ya rubuta abin da ba a gani ba, kada kuma ya buɗe abin da aka rufe. Tawada ba ta da ikon shiga inda likkafani ya rufe.