Manomin da Ƙafarsa Take Ƙara

Akwai wani manomi a wani gari wanda dukan mutanensa bayi ne. A garin nan, da yaro ya fara tafiya sai a sa masa marin ƙarfe a ƙafa, da guntuwar sarƙa, ya yi ta ja har ranar mutuwarsa. Da marin ake binne mutum.

Wata rana wani maƙeri ya zo ya kafa maƙerarsa a bakin kasuwa, ya ce duk mai so ya zo a yanke masa marinsa kyauta. Iyayengijin garin suka taso masa, suka yi masa dukan kisa, suka jefar da gawarsa bayan gari. Ba a daɗe ba sai aka sake jin masabarsa tana bugawa a bakin kasuwa, ga shi kuwa da ransa. Da iyayengijin suka ji haka, tsoro ya kama su, suka watse.

Mutane suka yi ta zuwa. Duk wanda ya yanke wa, sai ya ce masa, "Kada ka tafi gida da shi haka. Bar shi in ƙera maka abin aiki." Wani aka yi masa fartanya, wani gatari, wata aka yi mata allurai. Da ƙarfen nan suka haƙa rijiya, suka gina ɗakin jinyar marasa lafiya, suka kafa rumfa inda yara maza da mata suke koyon karatu.

Amma manomin nan, da aka yanke nasa, sai ya cusa shi cikin riga. Ya ce a ransa, "Ƙarfe ne mai kyau. Wa ya san gobe?" Ya ɓoye shi a ƙarƙashin rumbu.

Shekaru suka wuce, gonarsa ta yi albarka. Sai aka yi yunwa a wata ƙasa, wani baƙo ya zo ƙofarsa a rame, yana neman aiki da abinci. Manomin ya kai shi gonarsa can nesa da gari, ya ba shi bukka. Baƙon ya yi aiki da zuciya ɗaya. Da dawa ta nuna, ya ce, "Maigida, ka ba ni izini in je in dubo iyalina. Na bar su ba ko ƙwaya."

Manomin ya dubi dawa, ya dubi baƙon, ya ce, "Sai gobe." Kashegari ya tono marin nan. Ya iske baƙon yana barcin gajiya a inuwa, ya ɗaura masa.

Yana kan hanyar komawa gida da tsakar rana, sai ya ji ƙarar sarƙa a bayansa. Ya waiwaya, ba kowa. Ya tsaya, ƙarar ta tsaya. Ya ɗaga ƙafa, ta sake tashi. Ya duba idon sawunsa, ba kome sai tsohon tabo.

Da ya shiga gida matarsa ta ce, "Maigida, mene ne ke ƙara a ƙafarka?"

Ya ce, "Kunnenki ne."

Ranar kasuwa ya fita. Yaran da aka haifa bayan 'yanci ba su san ƙarar ba, suka yi ta binsa suna dariya. Amma manya sun gane ta. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta saki faifanta, ta toshe kunnuwa, ta fashe da kuka. Duk inda ya nufa, kasuwa ta yi tsit, mutane su dare masa hanya.

Sai ya je wurin maƙerin, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba kome a ƙafata, amma tana ƙara."

Maƙerin ya ce, "Ina wanda na yanke maka? A ƙafar wa yake?"

Manomin ya sunkuyar da kai.

Maƙerin ya ce, "Sarƙa bakinta biyu ne, ɗana. Ba a ɗaure mutum da baki ɗaya. Kawo shi in yanke."

Manomin ya ce, "To, bari a gama girbi."

Tun daga ranar ƙafar ta fara nauyi. Tsohon tabon ya buɗe ya zama gyambo. Ya koma jan ƙafa, har ya kai ko zaure ba ya iya wucewa. Yana zaune shiru a tabarma, sai a ji sarƙar tana motsi ita kaɗai, tana kaiwa tana komowa, domin can a gona baƙon yana yankan dawa.

Da abin ya ishi matarsa, ta je ta faɗa wa maƙerin kome. Maƙerin ya ɗauki masabarsa. Bai shiga gidan ba, gona ya nufa. Manomin yana kwance sai ya ji an buga ƙarfe daga nesa, ƙarar ta ɗauke. Gidan ya yi shiru har yana jin numfashinsa.

Da yamma maƙerin ya iso da baƙon, da marin a hannunsa. Manomin ya ce, "Ni fa, ranka ya daɗe?"

Maƙerin ya ce, "Naka na yanke tun tuni. Me za a yi da wannan?"

Manomin ya dubi ƙarfen. Sa'an nan ya yi kuka, ya ce, "A ƙera garma, a ba shi." Ya roƙi baƙon gafara, ya ɗora masa dawa a jaki, ya sallame shi. Gyambon ya warke, amma da ɗingishi ya ƙare kwanakinsa.

Ma'anar wannan misali ita ce: maƙerin nan Yesu Almasihu ne, wanda ya mutu ya tashi domin ya kwance mu daga zunubi da tsoro. Mutanen garin su ne masu bi da suka gane cewa an 'yantar da su domin su yi wa juna hidima. Inda aka sami irinsu, gari yakan canja: a koya wa ɗan talaka karatu, a yi jinyar wanda ba danginka ba, a daina ganin mutum kamar kaya. Manomin kuwa shi ne wanda ya karɓi 'yanci don kansa kaɗai.

'Yan'uwa, mu duba gidajenmu. Ke da kika ɗauko yarinya daga ƙauye tana yi miki aiki, naki 'ya'yan suna makaranta, ita tana madafa, yaushe rabon da ta ga uwarta? Kai mai shago da kai mai ofis, wa ke tsoron buɗe baki a gabanka? Kana iya raira waƙar 'yanci ran Lahadi da babbar murya, amma Ubangiji yana jin kukan wanda ka danne. Kada ka jira wani lokaci. In akwai mutumin da ke ɗaure a hannunka, ka sake shi yau.